Sharhi: Cinikin Rafael Devers da yadda ake auna kwantiragin dala miliyan 313 a wasan besbol

A yammacin Lahadi, 15 ga Yuni, 2025, 'yan sa'o'i kaɗan bayan ƙungiyar Boston Red Sox ta kammala doke tsohuwar abokiyar hamayyarta New York Yankees karo uku a jere, labari ya bazu a Amurka cewa ta rabu da Rafael Devers, ɗan wasan da ya fi kowa girman kwantiragi a tarihinta. Devers, ɗan asalin Jamhuriyar Dominika mai shekara 28 a lokacin, yana cikin waɗanda suka ci wasan na ranar, domin ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga a karawar da aka tashi 2 da nema. Kafin dare ya raba, ya zama ɗan wasan San Francisco Giants. A ɗaya ɓangaren ƙasar kuma, matashin mai jifa Kyle Harrison yana shirin fara wasan Giants da Los Angeles Dodgers aka ce masa ya dakata, an musanya shi.

Boston ta karɓi 'yan wasa huɗu: Harrison, da wani mai jifa Jordan Hicks, da matasa biyu da ba su kai ga babbar gasa ba, James Tibbs da Jose Bello. Babu ko ɗaya daga cikinsu da wani zai ajiye kusa da Devers a sikeli. Abin da Boston ta samu na gaske shi ne sauke kaya, domin Giants ta ɗauki nauyin duk kuɗin da ya rage a kwantiraginsa, sama da dala miliyan 250 na yarjejeniyar da za ta kai har ƙarshen kakar 2033. Yanzu da kakar 2025 ta ƙare, ƙura ta ɗan lafa, ana iya duba cinikin a tsanake, a ga abin da kowane ɓangare ya saya da abin da ya sayar.

Mai bibiyar ƙwallon ƙafa zai iya mamakin yadda za a ba da tauraro a karɓi yara. A Turai, ƙungiya tana biyan wata ƙungiya kuɗin sayen ɗan wasa, a soke tsohuwar yarjejeniyarsa, a zauna da shi a tsara sabuwa, kuma idan bai amince ba ciniki ya watse. A babbar gasar besbol ta Amurka mai ƙungiyoyi 30, wato MLB, tsarin daban ne. Kwantiragi ne ke sauya hannu, ɗan wasa kuma ya bi shi. Albashin, da shekarun da suka rage, da kowane sharaɗi, duk suna tafiya sabuwar ƙungiya yadda suke. Kuɗin kuma tabbas ne: ko ɗan wasa ya karye, ko tsufa ya cim masa, ko an sallame shi, sai an biya shi har kobo na ƙarshe. Ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasan ba ta yarda a rage darajar kwantiragi ko da mai shi ya so. Boston ta san wannan da kyau, domin a watan Disamba na 2003 ta kusa ɗauko Alex Rodriguez daga Texas Rangers, shi ma ya amince a rage masa kuɗi, amma ƙungiyar ƙwadagon ta ƙi, daga baya ya tafi Yankees.

Saboda haka shugabannin ƙungiyoyi ba sa tsayawa a kan tambayar ko ɗan wasa ya iya. Suna tambayar nawa ya rage tsakanin abin da zai kawo a fili da abin da za a biya shi. Wannan rarar ita ce hajar da ake ciniki a kanta. Matashin da ya shigo babbar gasa yana shafe kusan shekara uku a kan albashi mafi ƙanƙanta ko kusa da shi, wanda a 2025 dala 760,000 ne. Daga nan sai wasu shekaru uku da ake ƙara masa ta hanyar sasantawa ko hukuncin masu shiga tsakani. Sai ya cika shekara shida kafin ya samu 'yancin sayar da kansa ga duk wanda ya fi tayi. Matashi mai matsakaicin ƙoƙari da ke karɓar ƙasa da dala miliyan ɗaya yana iya fin tauraro mai karɓar miliyan 30 daraja a kasuwar musaya, domin na farko riba ce zalla, na biyu kuwa an riga an biya shi farashinsa cif, wani lokaci har da ƙari.

Don a fahimci lissafin Devers, sai an san inda yake tsayawa a fili. A besbol mai bugu yana ƙoƙarin dukan ƙwallon da aka jefo masa da sanda, ya zagaye tashoshi uku ya dawo gida ya ci maki. Idan ƙungiyarsa ta koma tsaro, kowane ɗan wasa yana da gurbin da yake gadi. Devers ya yi shekarunsa yana gadin tasha ta uku, gurbi mai wuya da ƙwallo ke zuwa da ƙarfi. Tasha ta ɗaya ta fi sauƙi. Akwai kuma gurbi guda na mai bugu zalla, wanda ba ya fita tsaro ko kaɗan. Masu nazarin wasan suna da ma'aunin da ake kira WAR, wanda ke ƙiyasta yawan nasarorin da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiyarsa idan aka kwatanta shi da ɗan wasan cike gurbi da ake iya samu a araha. Ma'aunin yana ƙara wa mai gadin gurbi mai wuya maki, yana rage wa mai bugu zalla, saboda masu iya bugu kawai sun fi yawa a kasuwa. Bugu iri ɗaya daga mai gadin tasha ta uku ya fi tsada a kan wanda ya fito daga mutumin da ke zaune a benci tsakanin bugu da bugu.

A wajen bugu babu mai musun Devers. Boston ta ɗauke shi yana ɗan shekara 16 a 2013, ya shigo babbar gasa a Yulin 2017, ya ci kofin World Series da ita a 2018, an kuma zaɓe shi cikin wasan taurari sau uku. A wajen tsaro kuwa, kaka bakwai a jere, daga 2018 zuwa 2024, shi ne ya fi kowane mai gadin tasha ta uku yawan kurakurai a rukunin American League. A mafi yawan kakanninsa ma'aunin WAR yana ajiye shi tsakanin nasara uku zuwa biyar. Masu nazari sukan ƙiyasta cewa kowace nasara ɗaya tana cin kimanin dala miliyan 8 zuwa 10 a kasuwar 'yan wasa masu 'yanci. Idan aka raba dala miliyan 250 da wannan farashi, Devers yana buƙatar ya kawo nasarori 25 zuwa 31 a cikin shekara takwas da rabi kafin a ce kuɗin ya biya kansa, wato kusan uku zuwa uku da rabi a kowace kaka, ba fashi, har ya kai shekara 36. A shekarunsa na 28 zuwa 31 wannan abu ne mai yiwuwa, yana ma iya wucewa. Daga 33 zuwa sama ne maganar ke canzawa.

Tarihin manyan masu bugu masu nauyin jiki bai cika daɗi ba. Albert Pujols ya sa hannu a kwantiragin shekara goma na dala miliyan 240 da Los Angeles Angels a ƙarshen 2011, kuma kafin wa'adin ya cika, a watan Mayun 2021, ƙungiyar ta sallame shi tana ci gaba da biyansa. Prince Fielder ya karɓi miliyan 214 na shekara tara daga Detroit Tigers a 2012, bayan kaka biyu aka tura shi Texas tare da dala miliyan 30 na rage zafi, sannan ciwon wuya ya kawo ƙarshen wasansa a 2016. Miguel Cabrera ma ya ƙare shekarunsa na ƙarshe a Detroit yana karɓar albashin gwarzo da ƙoƙarin ɗan cike gurbi. Masu kare Devers suna da nasu misalin, kuma daga Boston ɗin ya fito: David Ortiz, ɗan ƙasarsu, mai bugu zalla, wanda a kakarsa ta ƙarshe a 2016 ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga sau 38 yana da shekara 40. Sai dai ana tuna Ortiz ne saboda irinsa ba su da yawa, kuma a shekarunsa na ƙarshe Boston tana sabunta masa yarjejeniya ne a gajeren zango, ba ta taɓa ɗaure kanta da shi na shekara goma ba.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane yadda kasuwa ke kallon babban kwantiragi, ita ce a duba ko mai sayarwa sai da ya haɗa da kuɗi kafin a karɓa. Lokacin da Texas ta miƙa Rodriguez ga Yankees a Fabrairun 2004, saura dala miliyan 179 a kwantiraginsa na miliyan 252, kuma Texas ta amince ta biya miliyan 67 daga ciki, alhali shi ne gwarzon rukuninsa a kakar da ta gabata. A Disamban 2017 Miami Marlins ta ba Yankees Giancarlo Stanton, wanda ya tsallakar da ƙwallo sau 59 a shekarar, ta kuma yi alƙawarin miliyan 30 daga cikin miliyan 295 da suka rage. Wani abin sha'awa, cikin matasan da Miami ta karɓa a wancan cinikin akwai Jose Devers, ɗan uwan Rafael. A farkon 2021 Colorado Rockies ta haɗa Nolan Arenado da kusan dala miliyan 50 kafin St. Louis Cardinals ta ɗauka. A duk waɗannan, kuɗin da aka haɗa shaida ce cewa an yi wa kwantiragin tsada tun farko, ko kuwa mai sayarwa ya matsu.

Boston ba ta haɗa Devers da kuɗi ba. Abin da ya yi kama da haka shi ne karɓar Hicks, wanda ke tsakiyar kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 44 kuma ba ya kan ganiyarsa. Giants ta ɗauki kayan gaba ɗaya, ta kuma ba da Harrison, wanda ba da daɗewa ba ake lissafa shi cikin matasan masu jifa mafi alƙawari, da Tibbs, wanda ta zaɓa a zagayen farko na ɗaukar sababbin 'yan wasa a 2024. Ma'anar wannan ita ce a idon Giants kwantiragin bai nutse ba, yana daidai da farashin kasuwa ko ya ɗan fi shi araha. Kuma akwai hujja. Wata shida kafin cinikin, New York Mets ta ba Juan Soto dala miliyan 765 na shekara 15. A watan Afrilun 2025 Toronto Blue Jays ta ba Vladimir Guerrero ƙarami, mai gadin tasha ta ɗaya, miliyan 500 na shekara 14. Su biyun sun fi Devers ƙuruciya, Soto kuma ya fi shi bugu nesa ba kusa ba, amma a kasuwar da farashi ya hau haka, kimanin miliyan 30 a shekara ga mai tsallakar da ƙwallo sau 30 a kaka ya daina zama abin firgita.

Ga San Francisco kuma akwai wani lissafi da ba ya cikin kowane ma'auni. Shekaru da dama ƙungiyar tana da kuɗi a hannu amma ta rasa mai karɓa. Stanton ya yi amfani da sharaɗin kwantiraginsa ya ƙi zuwa can a 2017. Bryce Harper ya zaɓi Philadelphia a 2019. Aaron Judge, ɗan jihar Kalifoniya da ya tashi yana goyon bayan Giants, ya koma Yankees a kan miliyan 360 a Disamban 2022. A watan nan ne kuma yarjejeniyar miliyan 350 da Carlos Correa ta wargaje bayan gwajin lafiya. Shohei Ohtani ya zaɓi Dodgers a 2023. Filin wasan Giants, Oracle Park, yana bakin ruwa, iska mai sanyi da faɗin filin suna haɗiye ƙwallayen da za su tsallake katanga a wasu filayen, don haka manyan masu bugu ba sa rububinsa. Tun Barry Bonds a 2004 ƙungiyar ba ta sake samun wanda ya tsallakar da ƙwallo sau 30 a kaka ɗaya ba, sai da Willy Adames ya cika talatin a ranar ƙarshe ta kakar 2025. Ga ƙungiya irin wannan, tauraron da ba shi da ikon cewa a'a abu ne mai tsada, kuma kwantiragin Devers ba ya ɗauke da sharaɗin hana musaya. Buster Posey, tsohon gwarzon ƙungiyar da ya zama shugaban harkokin wasanta a ƙarshen kakar 2024, ya sayi abin da kasuwar 'yan wasa masu 'yanci ta sha hana magabatansa.

Rashin wannan sharaɗi yana da wa'adi, kuma Boston ta san da shi. Dokar gasar ta ba duk ɗan wasan da ya cika shekara goma a babbar gasa, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya, ikon ƙin kowace musaya. Devers zai kai wannan matsayi a 2027 da ya ci gaba da zama a Boston. Daga lokacin, ƙungiyar za ta kasance da mai bugu zalla da ya haura shekara 30, mai sauran shekara shida a kwantiragi, wanda ba za a iya motsa shi ba sai da yardarsa. Idan har akwai niyyar rabuwa da shi, tsakiyar 2025 lokaci ne da farashinsa ke sama: a wasanni 73 ya tsallakar da ƙwallo sau 15, ya shigar da maki 58, duk da cewa ya buɗe kakar da wasanni biyar ba tare da bugu mai kyau ko ɗaya ba.

Wannan shi ne ɓangaren da ke wanke shugabannin Boston. Ɗaya ɓangaren ba ya wanke su, domin rikicin da ya kai ga cinikin da hannunsu suka ƙulla shi. An sa hannu a kwantiragin a Janairun 2023, makonni kaɗan bayan Xander Bogaerts ya tafi San Diego Padres a kan miliyan 280, a lokacin da magoya baya ke tafasa da fushi kan mai ƙungiyar, John Henry. Dala miliyan 313 da rabi na shekara goma sun haɗa da kuɗin bugun Devers da kuma kuɗin kwantar da hankalin gari. Shugaban harkokin wasan da ya ƙulla yarjejeniyar, Chaim Bloom, an sallame shi kafin shekarar ta ƙare, aka kawo Craig Breslow, wanda ya gaji alƙawarin da ba shi ya ɗauka ba. A Fabrairun 2025 Breslow ya ɗauko Alex Bregman a kan miliyan 120 na shekara uku. Bregman mai gadin tasha ta uku ne, kuma shi ya karɓi kyautar gwanin tsaro a wannan gurbi a 2024. A fannin wasa matakin daidai ne. Amma Devers ya fito fili ya ce gurbin nasa ne, ya kuma nuna cewa an yi masa alƙawarin haka lokacin sa hannu. Daga baya ya haƙura ya koma mai bugu zalla.

Sai ga shi a farkon watan Mayu mai gadin tasha ta ɗaya, Triston Casas, ya samu mummunan rauni a gwiwa wanda ya ƙare masa kakar. Ƙungiyar ta nemi Devers ya koyi wannan gurbi a tsakiyar kaka, wata biyu bayan an ce masa ya ajiye safar tsaro. Ya ƙi, ya kuma soki Breslow a gaban 'yan jarida. Abin ya kai Henry da kansa ya hau jirgi zuwa Kansas City, inda ƙungiyar ke wasa, don ya gana da shi. Makonni biyar bayan haka aka yi cinikin. Ana iya cewa ɗan wasan da ke karɓar irin wannan albashi bai kamata ya zaɓi gurbi ba, kuma Rodriguez, wanda ya fi shi suna da ƙwarewar tsaro, ya bar gurbinsa ga Derek Jeter ranar da ya isa Yankees. Maganar tana da ƙarfi, ta kuma ƙara ƙarfi da Devers ya isa San Francisco ya ce zai tsaya duk inda aka sa shi, ya kuwa fara gadin tasha ta ɗaya a watan Yuli. Amma hakan yana nuna cewa matsalar ba ta gurbin ba ce, ta yadda aka yi magana da shi ce. Ƙungiyar da ta zuba sama da miliyan 300 a kan mutum ɗaya, ta bari ya ji labarin makomarsa a yanayin da ya ji an raina shi, ita da kanta ta rage wa kadararta daraja a gidanta.

Magoya bayan Boston ba su kalli cinikin da idon lissafi ba, kuma suna da dalili. Wannan ce ƙungiyar da ta sayar da Babe Ruth ga Yankees a ƙarshen 1919 a kan dala 100,000, ta kuma shafe shekara 86, daga 1918 zuwa 2004, ba ta ɗaga kofi ba. Raunin da ya fi kusa shi ne na Mookie Betts. A Fabrairun 2020 Boston ta miƙa shi ga Dodgers, saura kaka ɗaya ya samu 'yanci, ta haɗa shi da David Price don ta rage albashi ta koma ƙasa da iyakar haraji. Gasar ba ta da dokar ƙayyade albashi, abin da take da shi haraji ne a kan duk ƙungiyar da jimillar albashinta ta haura wani adadi, wanda a 2025 dala miliyan 241 ne. Ana cajin kashi 20 cikin ɗari na abin da ya haura a shekarar farko, 30 a ta biyu, 50 daga ta uku, kuma idan ƙungiya ta sauko ƙasa na shekara ɗaya lissafin ya koma farko. Boston ta samu wannan sauƙi. Dodgers ta ba Betts miliyan 365 na shekara 12, ta kuma ci kofi da shi a 2020, da 2024, da 2025. 'Yan wasa uku da Boston ta karɓa, Alex Verdugo, da Jeter Downs, da Connor Wong, babu tauraro a cikinsu.

Sai dai tarihin ƙungiyar yana da wani shafin da ake yawan tsallakewa. A Agustan 2012 ta tura Adrian Gonzalez, da Carl Crawford, da Josh Beckett, da Nick Punto zuwa Dodgers, ta sauke albashin da ya haura dala miliyan 250, kusan daidai da na Devers. Ta rarraba wani kaso na kuɗin a kan 'yan wasa masu matsakaicin farashi da gajerun kwantiragi, kuma a shekarar da ta biyo baya, 2013, ta ci World Series. Bambancin 2012 da 2020 shi ne inda kuɗin ya tafi bayan an sauke shi. Da wannan ma'auni za a yi wa cinikin Devers hukunci, domin dalar da aka tsimi ba ta cin wasa sai an mayar da ita fili.

A nan ne sunan Liverpool ya shigo maganar, abin da zai ja hankalin masu kallon gasar Firimiya. Kamfanin Henry, Fenway Sports Group, shi ne mai Red Sox da kuma Liverpool. A makon da aka rabu da Devers ne Liverpool ke kammala ɗauko Florian Wirtz daga Bayer Leverkusen a kan fam miliyan 100, da yiwuwar ƙarin miliyan 16. Nan take wasu magoya bayan Boston suka fara cewa an sayar da gwarzonsu ne don a saya wa Ingila ɗan wasan tsakiya. Zargin ya fi kama da huce haushi, domin Boston ba ta karɓi tsabar kuɗi daga Giants ba, abin da ta samu sauƙin biyan albashi ne da zai bazu a kan shekara takwas. Amma yadda zargin ya samu karɓuwa cikin sauri ya nuna ƙarancin amincin da ya rage tsakanin masu ƙungiyar da mutanen garin.

Sakamakon rabin kakar farko ya fi karkata ga Boston, ko da yake wata uku da rabi ba su isa a yanke hukunci a kan alƙawarin shekara takwas ba. A ranar cinikin Boston ta ci wasa 37 ta faɗi 36. Ta ƙare kakar da nasara 89 da faɗuwa 73, ta shiga zagayen fitar da gwani karon farko tun 2021, inda Yankees ta fitar da ita a wasa na uku. Matashi Roman Anthony, wanda ya shigo babbar gasa kwana shida kafin tafiyar Devers, ya haskaka har ƙungiyar ta ɗaure shi a watan Agusta da kwantiragin shekara takwas na dala miliyan 130, wanda shi ne wuri na farko da aka ga wani kaso na kuɗin ya sauka. Amma da Anthony ya ji rauni a farkon Satumba, gibin babban mai bugu ya fito fili, kuma a wasan ƙarshe da Yankees ƙungiyar ba ta ci maki ko ɗaya ba. Daga cikin waɗanda aka karɓa, Hicks bai taɓuka abin kirki ba, Harrison ya shafe mafi yawan lokacin a ƙaramar gasa, Tibbs kuwa ko wata biyu bai yi ba aka wuce da shi Dodgers a musayar mai jifa Dustin May. Bregman, wanda zuwansa ya tayar da ƙurar tun farko, ya yi amfani da sharaɗin kwantiraginsa ya fice bayan kaka ɗaya ya koma kasuwa.

Giants kuwa tana da nasara 41 da faɗuwa 31 a daren cinikin, tana dab da Dodgers a saman rukuninsu. Ta ƙare da 81 da 81, ba ta shiga zagayen fitar da gwani ba, ta kuma sallami kocinta Bob Melvin. Ba a ɗora wa Devers laifin duka ba. Ya fara da sanyi, ya farfaɗo daga baya, ya tsallakar da ƙwallo sau 20 a wasanni 90 da ya yi mata, wanda ya kai jimillarsa ta shekarar zuwa 35 da maki 109 da ya shigar. Saboda bambancin jadawalin ƙungiyoyin biyu, ya buga wasa 163 a kakar da ke da wasanni 162. Abin da ke gaban Posey yanzu shi ne manyan kwantiragi uku a jere: na Devers, da na Adames na miliyan 182, da na Matt Chapman na miliyan 151, dukkansu na 'yan wasan da ke kusa da shekara 30 ko suka haura, kuma dukkansu za su tsufa tare. Chapman yana riƙe da tasha ta uku, don haka Devers ba zai koma tsohon gurbinsa ba. Matashin da ƙungiyar ta fi sa rai da shi, Bryce Eldridge, shi ma mai gadin tasha ta ɗaya ne, sai dai su biyun su raba wannan gurbi da na mai bugu zalla.

Akwai kuma abin da ba ya hannun ko ɗaya daga cikin ƙungiyoyin. Yarjejeniyar ƙwadago tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa za ta ƙare ranar 1 ga Disamba, 2026, kuma wasu masu ƙungiyoyi suna ta kiran a kafa dokar ƙayyade albashi, buƙatar da ta jawo yajin aikin 1994 wanda ya sa aka soke World Series na shekarar. Idan aka kafa irin wannan doka, kowace dala miliyan 30 da aka riga aka ɗaure za ta ƙara nauyi, kuma ƙungiyar da ta sauke kaya da wuri za ta fi sakewa. Idan ba a kafa ba, farashi ya ci gaba da hawa yadda ya yi daga Judge zuwa Soto, albashin Devers zai iya zama na tsaka-tsaki kafin 2030. A ranar da yarjejeniyar ƙwadagon za ta ƙare, Devers yana da shekara 30, da sauran kaka bakwai a kwantiraginsa.